Casa'in da Ɗoriya: Abin da Makarantun Kuɗi Ke Sayarwa a Sudan

Duk shekara, kafin yaƙin 2023 ya dagula lissafi, akwai ranar da gidajen Sudan kan yi tsit a gaban talabijin: ranar da ma'aikatar ilimi ke fitar da sakamakon Shahada Sudaniyya, jarrabawar kammala sakandare. Ba jawabin minista ake jira ba. Jerin awa'il ake jira, ɗari na farko a faɗin ƙasar. A kira sunan yaro har da na uba da kaka, a faɗi makinsa, sannan a faɗi makarantarsa. Kafin la'asar guɗa ta karaɗe unguwa, ana ta rabon alawa da lemo, kafin mako ya zagayo kuma hoton yaron ya hau allon talla a ƙofar makarantar. Wanda ya daɗe yana sauraron jerin nan ya san sunayen yaran ne ke sauyawa, na makarantun kuwa kusan su ne dai na bara: 'yan ƙalilan, mafi yawansu a jihar Hartum, wasu na gwamnati da ake kira namuzajiyya, wato makarantun abin koyi, wasu kuma na kuɗi masu tankaɗe da rairaya kafin su ɗauki ɗalibi.

Abin da iyaye ke ɗauka daga nan a fili yake: makarantar ce ta yi yaron, saboda haka ko gona za a jinginar sai an kai nawa can. Ni kam ina ganin ana ba aji yabon da na ƙofa ne. Makarantar da ta tsince yaran da dama sun fi kowa maki, ta tara su wuri guda, idan suka sake yin zarra bayan shekara uku ba wani abin al'ajabi ta yi ba. Abin da ya fi dacewa mu Hausawan Sudan mu tambaya shi ne, wa ke isa bakin ƙofar nan, kuma me ake yi da shi in ya shiga.

Sai an san yadda jarrabawar take kafin a gane kasuwar da ta haifa. Darussa bakwai ake lissafa wa ɗalibi. Huɗu dole ne a kan kowa: Larabci, Turanci, addini da lissafi. Sauran ukun na fanninsa ne, ko ilmi, ɓangaren kimiyya, ko adabi, ɓangaren tarihi da labarin ƙasa. A haɗa su a fitar da kaso cikin ɗari, wanda kowa ke kira nisba. Da nisbar nan kaɗai ofishin ɗaukar ɗalibai na ma'aikatar ilimi mai zurfi ke raba kujerun jami'o'in gwamnati. Ba hira, ba takardar shaidar malami, ba wanda zai tambayi abin da yaro ya iya da hannunsa. Likitanci a Jami'ar Hartum sai mai casa'in da ɗoriya, kuma ɗoriyar ba ƙarama ba. Rabin maki na iya raba wanda zai zauna a Hartum da wanda za a tura wata jiha, ko wanda zai karanta likitanci da wanda za a ce ya haƙura da wani fannin. Karatun shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, a auna shi cikin mako biyu. Duk inda aka rataya makomar yaro a kan lamba ɗaya haka, dole a samu masu sayar da lambar.

A da gwamnati ce ke yin zaɓen da kanta. Turawan mulkin mallaka sun buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a 1902, a 1946 kuma aka fitar da sashen sakandarenta zuwa makarantun kwana guda biyu, Wadi Sayyidna a arewacin Umdurman da Hantub a tsallaken kogi daga Madani. Khor Taggat ta kusa da Ubayyid ta biyo baya. Kujerun kaɗan ne ƙwarai, shiga kuma sai da jarrabawa mai tsauri, amma wanda ya ci, gwamnati ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa, ɗan manomi ne ko ɗan omda, wato mai sarautar gargajiya. Hantub kaɗai ta yaye Ja'afar Numairi da Hasan Turabi da Muhammad Ibrahim Nugud, wato soja da jagoran 'yan Ikhwan da shugaban 'yan gurguzu, duk daga ɗakunan kwana guda. Martabar ilimin Sudan a lokacin ta kai har Arewacin Nijeriya na turo malamai horo a kwalejin malamai ta Bakhtur Ruda, cikinsu har da Sheikh Abubakar Gumi a shekarun 1950.

Makarantun da ba na gwamnati ba suna nan tun lokacin. Unity ta samo asali a 1902, Kwalejin Kamboni ta 'yan mishan ɗin Katolika a 1929, makarantun Ahfad kuma sun tsiro ne daga ajin 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907. Amma in ka cire irin waɗannan masu suna, makarantar kuɗi a idon ɗan Sudan na wancan zamanin wurin wanda ya rasa kujerar gwamnati ce. Uba ba ya alfahari da ita.

Juyin ya zo ne bayan 1989. Gwamnatin Umar Bashir ta rushe tsarin shekara shida da uku da uku da aka gada daga zamanin Numairi, ta haɗe firamare da matsakaiciya suka zama asas mai shekara takwas, sai sakandare uku, shekara guda ta salwanta a tsakani. Aka rufe ɗakunan kwana, Hantub kanta aka mai da ita tsangayar jami'a. Nauyin makarantu ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomin da ba su da abin biya, albashin malami ya zama abin tausayi, ƙwararru suka yi ta ficewa Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. A daidai lokacin aka yi ta buɗe sababbin jami'o'i, sai kowane gida ya ɗora rai a kan digiri. Malaman da suka rage suka lura cewa abin da suke bayarwa a banza akwai mai saye. Wasu suka kama gidan haya mai hawa biyu, suka sa allo a falo, makaranta ta tashi. Rufe ɗakunan kwanan nan, a ganina, ya fi komai cutar da yaron karkara, domin shi ne ya mai da nisa daga Hartum laifin da ba a yafewa. An dawo da matakin matsakaiciya bayan 2020, amma ɗakunan kwana ba su dawo yadda suke ba.

Ba duk makarantun kuɗi ne abu ɗaya ba. Kafin yaƙi akwai na can sama masu manhajar waje, irin su Unity mai bin tsarin Ingila, da makarantar Amurka ta Hartum, da makarantar ƙasa da ƙasa ta KICS da kamfanin DAL na Sudan ya kafa. Kuɗinsu da dala ake auna shi, 'ya'yan jakadu da manyan 'yan kasuwa ne a ciki, idonsu kuma na kan jami'o'in waje. Waɗannan ba su shafi yawancinmu ba. Akwai na ƙasa, gidan haya da allo, masu karɓar duk wanda ya biya. Wadda ake magana a kanta ita ce ta tsakiya: mai koyar da manhajar Sudan da Larabci, mai sunan fitar da 'yan casa'in, mai sharaɗin maki kafin shiga.

Yadda take zaɓe kuwa, a zamanin asas jimillar makin jarrabawar fita 280 ne. Makarantun namuzajiyya na gwamnati kan kwashe waɗanda suka kusa cikawa. Na kuɗin sai su shiga takara da su: yaron da ya zo da maki mai tsoka a rage masa kuɗi, ko a ɗauke shi kyauta, wani lokaci har da motar kai da komowa. Kyautar nan ba sadaka ba ce. Shi ne wanda za a sa hotonsa a ƙofa nan da shekara uku, hoton kuma shi zai jawo iyaye ɗari masu biyan cikakken kuɗi. Ke nan a aji guda akwai mai biya da aljihun ubansa, akwai mai biya da ƙwaƙwalwarsa, kuma kowannensu ya san matsayinsa. Na farko in ya yi rauni a kira ubansa a ba shi shawarar ƙarin darasi. Na biyu in ya yi rauni a tuna masa sharaɗin da aka ɗauke shi a kai.

Ranar ɗalibi takan fara da asuba. Motar tarhil ta yi ta zagaya unguwanni tana kwasar yara, wanda ke nesa shi ake fara ɗauka, shi ake ƙarasa saukewa, saboda haka yaron gefen gari kan yi barcinsa na biyu a kujerar baya da jaka a cinya. A yi taburin safe, a karanta Alƙur'ani, a rera taken ƙasa, a shiga aji. Da hantsi a fita fatur: gurasa da ful ko ta'amiyya, ko samari biyar su haɗa kuɗi a yi musu bosh a kwano guda, su durƙusa a inuwar katanga su sa hannu. A wannan ɗan lokacin ne kaɗai ba a tambayar makin kowa. Da an koma, jarrabawar wata-wata na jira, a liƙa sakamako a bango daga na ɗaya har na ƙarshe, a sake raba azuzuwa bisa shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya san lambarsa a cikin sa'o'insa fiye da yadda ya san lambar gidansu.

Aji uku kuwa ba karatu ba ne, atisaye ne. A gama littafin ma'aikata da wuri, a koma kan muzakkira, wato taƙaitaccen rubutun da malami ke bugawa yana sayarwa, da tambayoyin shekarun baya. Sai darussan tarkiz, wato bitar jarrabawa, da yamma, sai mu'askar gab da jarrabawa, inda ake tsare yara daga safe har dare. Akwai malaman lissafi da fiziya da suka yi suna har ba su da makaranta guda: daga wannan zuwa waccan a mota, ana biyansu da sa'a, iyaye na bin sunansu kamar yadda ake bin mai sayar da taki a farkon damina. Ba zan ce ba su iya ba. Sun iya ƙwarai, sun san inda mai saita tambaya ke son tsayawa da inda ba ya leƙawa. Sai dai abin da suke koyarwa shi ne cin Shahada. Ɗakin gwaje-gwaje, in ma akwai shi, kwalabensa sun yi ƙura, domin jarrabawar a takarda ake yi. Taron adabi da muhawara da wasan kwaikwayo da ƙwallo, abubuwan da tsofaffin ɗaliban Hantub ba sa gajiya da ba da labarinsu, an ɗauke su ɓata lokaci. Gidan haya ma ina ya ga fili? Malaman jami'a sun daɗe suna kukan samun ɗalibai masu nisba kamar me, amma ba sa iya rubuta shafi ɗaya da kansu, Turanci kuma sai dai a yi shiru.

To ina ɗan Bahaushe a cikin wannan? Matsalarsa ta farko wurin zama ce. Jama'armu sun fi yawa a inda noma da kamun kifi da ƙaramar sana'a suke: Mai Wurno da ƙauyukan gaɓar kogi a Sinnar, Damazin da Rusairis, kambobin Jazira (matsugunan 'yan ƙwadagon gona), Gadarif, Kasala, unguwannin gefe na Bur Sudan da kudancin Hartum. Makarantun zaɓe kuwa suna tsakiyar babban birni. Shekarar karatu a da takan faro da damina ta ƙare wajen Maris, ke nan yankan riɗi da girbin dawa na faɗowa tsakiyarta, kuma gidan da ke buƙatar hannu ba ya jiran hutu. Yaron ƙauye na shiga aji ɗaya da Hausa a bakinsa, a yi masa darasi da Larabcin da bai gama kamawa ba, ba wanda ya tanadar masa gada. Kafin ya miƙe an riga an rubuta shi cikin marasa ƙoƙari. Abin takaicin shi ne yaron nan na da jarin da ɗan birni ba shi da shi. Wanda ya yi khalwa, wato makarantar allo, ya saba zama a kan allo tun duhun asuba, haddarsa kaifi gare ta, kunnensa ya san Larabcin littafi. A jarrabawar da ta dogara da hadda wannan ba ƙaramin makami ba ne, da za a haɗa masa da malamin lissafi na kirki tun yana ƙarami.

Sai takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta a nuna cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Wanda ya san tarihi ya ga inda wuƙar ta faɗa: jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa Mai Wurno, sun iso bayan wannan ranar. Dokar 1994 ta sassauto da wa'adin zuwa farkon 1956, amma ɗabi'ar ofis ba ta sauya da sauyin doka ba. Har yau wanda aka ji ƙabilarsa kan sha tambayoyin da ba a yi wa maƙwabcinsa, a ce ya kawo ɗan'uwa na wajen uba, ya kawo shehun unguwa, ya dawo gobe. Rajistar Shahada kuwa na neman lambar ɗan ƙasa. Akwai yaran da ba maki ne ya tsayar da su ba, layin ofishin rajista ne.

Wanda ya tsallake duk wannan ya shiga, akwai kuɗin da yake biya wanda ba ya cikin rasiɗi. Na san wani tela a kudancin Hartum da ɗansa ya sami kujerar kyauta a irin wannan makaranta. Ran nan ya je taron iyaye da jallabiyarsa fes, ya hango yaron cikin abokai, ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Ɗanjuma, zo ka nuna mini ajin naku." Yaron ya taho da sauri, kai a ƙasa, ya amsa da Larabci. A hanyar gida ne ya ce, "Baba, don Allah in ka zo makaranta ka riƙa yi mini Larabci." Uban bai ce uffan ba sai da suka sauka daga mota, sannan ya ce, "To, na ji." Bai sake zuwa taron iyaye ba, ƙanensa yake turawa. Ban ga laifin yaron ba. Ya ji yadda ake furta Fallati, sunan da ake kiran irinmu masu asalin Afirka ta Yamma, a filin makaranta, ya san ba yabo ba ne. Amma al'ummar da ke sa ran ɗanta ya zama likita ya dawo ya tsaya mata, ya kamata ta san cewa wurin da ta tura shi na koya masa ɓoye ta.

Duk da haka ba zan ce wa mai hali kada ya kai ɗansa ba, kuma dalilin na cikin tsarin jami'a. Ban da kujerun da ake rabawa da nisba, akwai kabul khas, kujerun biya a jami'o'in gwamnati da ake shiga da maki ƙasa da na gama-gari, ga kuma jami'o'in kuɗi. Ɗan mai kuɗi in ya sami tamanin da biyar, aljihu zai cike masa gibin. Ɗan tela ba shi da wannan. Ko ya kawo casa'in da ɗoriyar nan, ko ya haƙura. Saboda haka atisayen da nake kushewa ya fi zama dole ga talaka mai ƙwaƙwalwa fiye da wanda aka gina makarantar dominsa. Wannan ne ya sa gardamar ke da wuya a tsakaninmu: mai cewa makarantun nan ba ilimi suke bayarwa ba yana da gaskiya, mai cewa ba wata hanya shi ma yana da gaskiya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tone abin da ya rage a rufe. Hausawan jihar Nil Azrak (Blue Nile) ma tun rikicin Yulin 2022 suka fara rasa karatu, lokacin da dubbai suka bar gidajensu, makarantu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Zuwa Oktoban 2023 hukumar UNICEF na maganar yara miliyan 19 da ba sa zuwa makaranta a Sudan. Madani ta faɗi a hannun dakarun RSF masu yaƙi da soja a Disamban wannan shekarar, Sinja a Yunin 2024, wato yaƙin ya bi ta tsakiyar inda jama'armu suke. Makarantun kuɗi kuwa, da yake jarinsu suna ne da malamai ba gini ba, sai suka naɗe tabarma suka bi abokan cinikinsu. Wasu suka buɗe a Bur Sudan da Atbara, wasu a unguwannin Faisal da Sitta Uktubar a Alƙahira, wasu suka koma intanet. Ko da hukumomin Masar suka rufe da dama daga cikinsu a 2024 kan rashin lasisi, darasi bai tsaya ba, ya koma falo da waya. 'Yan ajin 2023 ba su zauna Shahada ba sai ƙarshen Disamban 2024, a yankunan da ke hannun soja da cibiyoyin ƙasashen waje, mafi yawan Darfur kuwa ba a yi ba. Takarda ɗaya aka ba yaron da ya shekara yana tarkiz a Alƙahira da wanda ya shekara yana kwana a ajin da aka mai da sansani, aka auna su da nisba ɗaya, aka ce an yi adalci.

Yanzu da soja suka karɓe Madani da Hartum a farkon 2025 mutane na komawa, makarantun ma za su dawo da allunansu da sharuɗɗansu. Masu hali a cikinmu, 'yan kasuwa da 'yan'uwa da ke aiki a Saudiyya, sun saba da nau'in taimako guda: a ɗauki yaro ɗaya mai hazaƙa a biya masa makaranta mai suna. Abin a yaba ne, kuma yana da daɗin faɗa a taron biki. Amma yaron da ya kai matsayin da za a lura da hazaƙarsa ya riga ya tsallake mafi yawan ramukan, wataƙila ma makarantar da kanta za ta ɗauke shi kyauta. Asarar tana can baya, a aji huɗu da biyar na ƙauyen da ba malamin lissafi, da yarinyar da ta zauna gida shekara biyu har aka fara maganar aurenta, da saurayin da ya tafi haƙar zinariya ya ga kuɗi a hannu. Kuɗin kujera ɗaya a Hartum zai riƙe malamin lissafi da na Turanci a makarantar ƙauye, ya biya wa aji guda rajistar jarrabawa, ya kuma ɗauki wanda ya san kan ofis ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya har lambar ɗan ƙasa ta fito tun suna aji shida.